Da na canza suna sai komai ya watse: yaya ake ɗaure abubuwa da juna a tamfilet ɗin allo?

Nazifi Bauchi Road:
Assalamu alaikum manyanmu. Ku taimaka min kafin in yi asarar fileks, ledar nan da ake buga allo a kai. Na samu aikin allunan shaguna 36 na wata sabuwar filaza, kuma mai wurin ya ce duk su fito iri ɗaya. Kowane allo faɗinsa ƙafa 4, tsayi ƙafa ɗaya da rabi. A hagu akwai da'ira mai lambar shago, a dama sunan sana'a, a ƙarƙashinsa lambar waya. Na zauna na tsara na farko a manhajar zane ta CorelDRAW, na rubuta KEMIS, ya yi kyau har na ɗauki hoto na tura wa mai wurin. Da na kwafa na goge KEMIS na sa GYARAN WAYA, sai rubutun ya hau kan da'irar ta hagu, ta dama kuma ya leƙa wajen allo. Na sa ASKI, sai ya zauna can tsakiya shi kaɗai kamar maraya, lambar waya na gefe guda. Tun azahar nake ja da linzami ina gyarawa ɗaya bayan ɗaya, allo 7 kawai na yi, kuma da na jera su babu biyu da suka yi kama da juna. Akwai hanyar da zan ce wa rubutu ya tsaya inci kaza daga da'ira ko mene ne tsawonsa?

Oga Danjuma Mai Injin:
Wa alaikumus salam. Nazifi, kafin komai, rubutun naka a tsakiya ka daidaita shi ko daga hagu?

Nazifi Bauchi Road:
A tsakiya ne Oga. Haka na saba.

Oga Danjuma Mai Injin:
To ga ɓarawon nan. Rubutun da aka daidaita a tsakiya, in ka ƙara masa haruffa ta ɓangare biyu yake kumbura, rabi hagu rabi dama. Shi ya sa ya taka da'irarka. Mayar da shi na hagu, sai ya kafe ƙafarsa a wurin da ka ajiye shi, ya riƙa miƙewa dama kawai. Gwada ka gani, ko minti ɗaya ba zai ci ba.

Nazifi Bauchi Road:
Kai! Wallahi ya tsaya. Wuni guda nake fama da wannan. Amma Oga har yanzu GYARAN WAYA yana fita ta dama.

Pam Farin Gada:
Matse shi kawai ta gefe, ya shiga. Wa zai lura?

Baba Ilu Mai Fenti:
Ni zan lura. Pam ɗana, wannan matsewar da kuke yi ita ta cika gari da alluna masu kama da an zauna musu a kai. In ka matse harafi ta gefe, sandunansa na tsaye su rame, na kwance su tsaya da kaurinsu, sai ka ga E kamar matsefi. Nazifi, ajiye linzamin nan tukuna ka saurare ni. Sa'ad da muke rubuta allo da buroshi, ba a fara zana harafi sai an buga zare. A shafa wa zare alli, mutum biyu su ja, a ɗaga a saki, ya bar layi. Layin da haruffa za su zauna a kai, layin da kawunansu za su taɓa, da layi ɗaya na tsaye inda kowane rubutu zai fara. Kafin nan kuma akwai tambayar da maigidana yake min kullum: ina turkenka? Akuya ba a ɗaure ta a jikin akuya. Abu ɗaya ne a allo ba ya motsi, sauran duk a jikinsa ake ɗaure su. Kai ka saki akuyoyi uku a fili kana bin kowace da gudu. A allon nan naka, mene ne ba ya canzawa daga shago na 1 har na 36?

Nazifi Bauchi Road:
Da'irar ce Baba. Lambar ciki ce kawai ke canzawa.

Baba Ilu Mai Fenti:
To ita ce turkenka. Kafa ta, kada ka sake taɓa ta. Ita kuma lambar da ke cikinta, ita ce kaɗai za ka bari a daidaitawar tsakiya, don 7 da 36 su zauna a cibiya ɗaya.

Rukayya Dizain:
Baba ya gama magana, bari in fassara ta zuwa yaren Corel. Nazifi, akwai haruffan allon kwamfuta da ke jera abubuwa ba tare da ka ja komai ba. L yana daidaita gefen hagu, R gefen dama, T sama, B ƙasa. C yana jera cibiyoyinsu a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, E kuma yana jera su a kwance, kafaɗa da kafaɗa. P yana kai abu tsakiyar shafi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wanda ke motsi da wanda ke tsayawa. In ka riƙe Shift kana zaɓar abubuwa ɗaya bayan ɗaya, wanda ka taɓa a ƙarshe shi ne ba ya motsi, sauran su zo su same shi. Don haka lamba za ka fara taɓawa, sannan da'ira, sai ka danna C da E. In ka juya, da'irar ce za ta taso ta bi lambar, turke ya tuge ke nan. In kuma ka ja akwati ka kewaye su gaba ɗaya, ba kai ka zaɓi turken ba, manhajar ce ta zaɓa maka. Ni don gudun kuskure kulle da'irar nake yi gaba ɗaya in na gama da ita.

A manhajar Illustrator daban ne, ga masu amfani da shi: ka zaɓi duka, sannan ka sake danna wanda kake so ya tsaya, sai ka ga layinsa ya yi kauri.

Auwal Walda:
Ina neman afuwa in shigo, ni ba na zane, ƙarfe nake haɗawa. Amma ni ake zagi in allo ya fito a karkace. Nazifi, inci 48 da inci 18 ɗin nan, har da bakin firam ko ban da shi? Domin in akwai ƙarfen da zai danne baki, inci ɗaya-ɗaya ya tafi ta kowane gefe. Abin da ido zai gani 46 ne da 16. Kwanaki wani ya kawo min fileks ya kai lambar waya har gindin allo, da na ɗaura sai ƙarfe ya cinye ƙasan lambobin, 8 ta koma kamar 9. Ya ce ni na yanke. Ku riƙa aunawa daga inda ƙarfe ya ƙare, ba daga inda takarda ta ƙare ba. Kuma ku bar mana abin naɗewa ta baya.

Nazifi Bauchi Road:
Har da firam ne Oga Auwal. Ban ma yi tunanin wannan ba sam.

Oga Danjuma Mai Injin:
To bari mu yi lissafin tare, kowa ya gani. Faɗi 48. Cire inci ɗaya-ɗaya na ƙarfe, saura 46. Bar inci biyu-biyu na iska, kada rubutu ya manne da ƙarfe, saura 42. Tsayi 18, cire na ƙarfe saura 16, cire na iska saura 12. Gonarka ke nan, 42 da 12. Da'ira ta cinye tsayin duka, wato inci 12. Tazara tsakaninta da rubutu inci 3. Abin da ya rage wa rubutu 27 ne a faɗi, 12 a tsayi. Yanzu zana akwati mai 27 da 12, ka ajiye shi a wurin. Wannan akwatin shi ne ɗakin rubutunka. Duk sunan da ka kawo, ka taɓa shi, ka taɓa akwatin, ka danna L. Lambar waya, ka taɓa ta, ka taɓa akwatin, L da B. Tazarar inci 3 ɗin da kake tambaya ba za ka sake auna ta ba, ta riga ta zauna tsakanin da'ira da akwati.

Amma ga gargaɗi. Akwatin nan ka sa shi a shimfiɗa ta daban, wato layer, wadda ka kashe mata bugu. Kada ka cire masa launi kawai ka ce ai ba a ganinsa. Injin bugu ba zai gan shi ba, amma injin yankan sitika layi yake bi, ba launi ba. Na taɓa tashi na tarar wuƙa ta yanka min murabba'i a kewayen kowane suna, sitika mita guda ta tafi.

Shamsu Area 10:
Gaisuwa daga Abuja. Ina biye da ku tun ɗazu, sanyin Jos bai daskarar da ƙwaƙwalwa ba ashe. Ƙari ɗaya kan maganar Oga Danjuma. Inci 3 ɗin nan kada ka haddace shi a matsayin inci 3. Haddace shi a matsayin rubu'in da'ira. Iskar gefe kuma kashi ɗaya cikin shida na da'ira. Dalili: gobe mai filazar nan zai kira ka ya ce yana son babba a bakin ƙofa, ƙafa 8 da ƙafa 3. In lambobi ka haddace, sai ka sake lissafi daga farko. In dangantaka ka riƙe, da'ira ta zama 24, tazara ta zama 6 da kanta. Mu nan Abuja tamfilet ɗaya, wato tsarin da ake kwafa, yakan fita girma huɗu ko biyar a rana, daga na ƙofar ofis zuwa na bakin titi, ba mai lokacin sake aunawa. Sai dai a duba layin kewaye. In ba ka sa masa alamar ya girma tare da abin ba, za ka ninka allo ka ga layin da'irar ya tsaya siriri kamar zare.

Pam Farin Gada:
Duk na ji, amma ba wanda ya amsa tambayar yaron. GYARAN WAYA a inci 27. Kun hana matsewa. To yaya?

Rukayya Dizain:
Ya danganta da tsayin harafi. Ƙa'idar da masu allo ke bi ita ce inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisa, in ana so a karanta ba tare da an runtse ido ba. Nazifi, daga ina mutum zai tsaya ya karanta?

Nazifi Bauchi Road:
Daga filin ajiye motoci Anti. Zai kai ƙafa 40.

Rukayya Dizain:
Inci 4 ke nan. Manyan haruffa masu kauri a inci 4, wajen guda 8 ne za su shiga cikin inci 27, ya danganta da fon, wato salon rubutun, da kuma haruffan kansu, don W da M sun fi I cin wuri nesa ba kusa ba. ASKI ya shiga, KEMIS ya shiga, ƊINKI ya shiga. GYARAN WAYA sai layi biyu. Kuma lissafin ya fita daidai: 4 na layin farko, ɗaya da rabi tsakani, 4 na layi na biyu, inci ɗaya tsakani, ɗaya da rabi na lambar waya. 12 cif. Wato tamfilet biyu za ka yi, mai layi ɗaya da mai layi biyu, da'ira da lambar waya a wuri ɗaya a duka biyun. Shawarata, ka fara tsara tamfilet da suna mafi tsawo a jerin, ba mafi daɗin gani ba. KEMIS ne ya yaudare ka.

Pam Farin Gada:
To ASKI fa? Haruffa huɗu a ɗakin da zai ɗauki goma sha shida. A ƙara masa girma ya cika wurin mana, inci 8.

Baba Ilu Mai Fenti:
Ka yi haka, washegari mai gyaran waya ya zo ya tambaye ka nawa wanzami ya ƙara maka. Na ga an yi rigima a kan abin da bai kai wannan ba. Mai wuri ya ce iri ɗaya. Tsayin harafi ɗaya ne ga kowa, wanda sunansa ya yi gajere ya samu iska.

Pam Farin Gada:
Baba ni sunana haruffa uku ne, na san zafin abin. Duk takardar da aka jera sunaye sai ka ga nawa kamar an manta ba a ƙarasa ba. Amma na yarda. Sai dai a ina mai layi ɗaya zai zauna? Sama, ƙasa, ko tsakiya?

Baba Ilu Mai Fenti:
Ƙasa, a layin da WAYA ya zauna. Allunan nan ba ɗaiɗai za a gan su ba, a jere za su rataya. Mutum ya shigo filaza, idonsa zai bi su kamar sahun sallah. In wannan rubutunsa na sama, wancan na tsakiya, sahu ya karye. Zare ɗaya za ka buga daga shago na 1 zuwa na ƙarshe, kowane suna ya zauna a kansa, mai layi biyu ya hau sama. Gini daga ƙasa yake tashi.

Rukayya Dizain:
Baba, a nan kam zan saɓa maka, da girmamawa. In ASKI ya zauna ƙasa, sama da shi akwai fili na inci biyar da rabi babu komai, ban da iskar gefe. Allon zai yi kama da buhun da kayansa suka zube gindi. Ga kuma da'ira cike da tsayi a gefensa tana tona masa asiri. Ni tsakiyar wurin layi biyun zan sa shi, in ɗan ɗaga shi kaɗan ma, domin abin da aka auna tsakiya daidai ido yakan gan shi kamar ya ɗan sauka. Sahun da kake magana da'irori da lambobin waya sun riga sun riƙe shi.

Baba Ilu Mai Fenti:
'Yata, ke allo ɗaya kike kallo a kwamfuta. Ni bango nake kallo.

Shamsu Area 10:
Ku biyun kuna da gaskiya, abin da zai raba ku shi ne tazarar allunan. In suna manne da juna kamar jerin sunayen ofisoshi a bakin bene, maganar Baba ce, ba tantama, ko rabin inci ya goce sai an gani. In akwai ginshiƙi da ƙofa tsakaninsu, kowanne zaman kansa yake yi. Nazifi, yaya ginin yake?

Nazifi Bauchi Road:
Kowane shago faɗinsa ya kai ƙafa 12, akwai ginshiƙi tsakani. Allon a saman ƙofa zai zauna.

Oga Danjuma Mai Injin:
Ku daina musu da baki. Nazifi, buga guda huɗu a takardar A4, biyu irin na Baba, biyu irin na Rukayya. Manna su a bango da tazarar da ta yi daidai da ƙanƙantarsu, wato tsakanin kowane biyu ka bar wurin da zai ci allo biyu. Ja da baya ka kalla. Takarda huɗu ta fi fileks 36 araha.

Malam Habibu Gangare:
Kafin ya dawo, bari in jefa tawa, tunda na ga ƊINKI a jerin. Nazifi, in ka danna L a kan wannan kalmar za ka ga abin mamaki. Babban Ɗ ƙugiyarsa ta hagu take leƙowa. Manhaja ba ta san harafi ba, akwatin da ya kewaye shi take gani, don haka bakin ƙugiyar za ta jingina da layi, sandar harafin ta shige ciki. Sai ka ga ƊINKI bai yi daidai da lambar wayar da ke ƙasansa ba, alhali kwamfuta ta rantse daidai ne. Haka Ɓ. Ƙ ba shi da wannan matsalar, tasa ƙugiyar a hannun dama take. Gyaran shi ne ka tura kalmar hagu da hannu har sandar ta hau layi, ƙugiyar ta leƙa cikin tazarar inci 3 ɗin, ai wurin ya ishe ta. Irin wannan gyaran ido G ɗin GYARAN ma yana so kaɗan, saboda harafi mai ƙusumbi in ya taɓa layi da ƙyar sai a ga kamar ya ja baya.

Sannan ka tabbata fon ɗinka yana da Ɗ tun asali. Da yawa daga masu kaurin nan da muke so a allo ba su da shi. Wani lokaci akwati zai fito maka, ka gane nan take. Wanda ya fi muni shi ne manhaja ta aro harafin daga wani fon a ɓoye, ya fito siriri a cikin masu ƙiba, ba ka lura ba sai an ɗaura. Noto Sans yana da su duka, Andika ma haka, kuma kyauta ne. In mai aiki ya nace sai fon ɗin da ba shi da ƙugiya, mayar da D zane ka ɗora masa da hannunka. Kada dai ka rubuta DINKI ka ce ai za a gane.

Rukayya Dizain:
Malam ya tuna min wani abu. Wannan akwatin kewayen yana cuta ta sama da ƙasa ma. In ƙananan haruffa kake amfani da su, kalma mai g ko y tana da jela, wadda ba ta da su ba ta da jela. Ka danna B ko E, mai jela ta ɗaga sama, marar jela ta sauka, layi ya karye. A tagar jerawa ta Corel, wadda Ctrl da Shift da A ke buɗewa, akwai inda za ka ce ta yi amfani da layin da haruffa ke zama a kai maimakon akwatin kewaye. Zaren allin Baba ke nan, sun sa shi a ciki. Nazifi ya tsira daga wannan tunda manyan haruffa yake yi.

Malam Habibu Gangare:
Haka ne. Mu masu allunan Islamiyya namu ya ninka, don Larabci da ajami daga dama suke tasowa. Turke biyu muke kafawa, boko a jingine da hagu, Larabci a jingine da dama, tambari a tsakiya. Wanda bai sani ba sai ya jingina duka da hagu, farkon layin Larabcin ya riƙa yawo.

Auwal Walda:
Tunda ana maganar hagu da dama, Nazifi akwai allon kibiya a aikin? Na nuna bene ko bayi?

Nazifi Bauchi Road:
Akwai guda 4 Oga, ban kai kansu ba.

Shamsu Area 10:
A waɗannan kibiya ce turke, ba da'ira ba. Kuma kibiya jan rubutu take yi, ba ta tura shi. Mai nuna hagu ta zauna a hagun rubutu, rubutun ya jingina da ita. Mai nuna dama ta zauna a dama, rubutun ya koma daidaitawar dama ya bi ta. In ka sa kibiyar dama a hagu, tsininta na sokin kalmar, mai karatu sai ya ɗan tsaya. Duba allunan filin jirgi ko na manyan tituna ka gani. Kuma kada ka juya rukunin gaba ɗaya kamar madubi don samun na ɗaya gefen, na ga wanda ya yi haka rubutu ya koma baibai, ya tura bugu bai duba ba.

Pam Farin Gada:
Ni duk wannan wahalar ce ta sa nake cewa ku koma manhajar Canva. Kana jan abu layuka na fito maka suna nuna tsakiya.

Oga Danjuma Mai Injin:
Layukan nan Corel ma yana da su. Matsalar ba ta ganin tsakiya ba ce, ta maimaita abu ɗaya sau 36 ce ba tare da hannu ya goce ba. Kuma Pam, kai ne ke turo min hoto in buga ƙafa 10 ya fito dishi-dishi, kada mu buɗe wannan faifan. Nazifi, in ka gama tamfilet biyun, a menun fayil akwai wurin haɗa bugu da jerin sunaye. Ka zuba lambar shago, suna da waya a tebur, shi zai cika allunan da kansa. Kowane gurbi yana riƙe daidaitawar da ka ba shi, na hagu ya miƙe dama, na tsakiya ya kumbura ta ko'ina, don haka abin da muka fara da shi ɗazu shi ne ke riƙe da komai. Bayan ya cika sai ka bi su da ido ka yi gyaran da Malam Habibu ya faɗa. Ctrl da Q na mayar da rubutu zane kuwa, sai a kwafin da za ka kawo min. Na asalin ka bar shi da rai, domin a cikin 36 ɗin nan wani zai canza lambar waya kafin wata ya ƙare.

Nazifi Bauchi Road:
Na dawo. An ɗauke wuta sai da na tayar da janareta. Na buga huɗun na manna a bangon shago, na tsallaka titi na kalla, har mai shayin gefenmu na kira ya duba. Baba ka yi haƙuri, da tazarar nan tsakaninsu na Anti Rukayya ya fi zama. Na ƙasan yana kama da an manta layi ɗaya. Amma da na matso da takardun suka haɗu, naka ne ya fi, sosai ma. Don haka allunan ƙofa zan yi na tsakiya, babban allon bakin get mai jerin shaguna duka kuma zan buga masa zarenka.

Baba Ilu Mai Fenti:
To ai ka kalli bango, shi na ce a kalla. Mai shayin me ya ce?

Nazifi Bauchi Road:
Cewa ya yi duk ɗaya ne, amma lambar wayar ba ta karantuwa daga inda muka tsaya.

Rukayya Dizain:
A A4 ai ba za ta karantu ba. Amma ko a babban, inci ɗaya da rabi na ƙafa 15 ne, na wanda ya zo bakin ƙofa ya tarar a rufe. Raba ta gida uku: huɗu, uku, huɗu, kada ka jera 11 ɗin a manne. In mai wurin yana so a karanta daga mota, sai dai a rage suna ko a ƙara tsayin allo, 12 ɗin ta cika.

Nazifi Bauchi Road:
Zan tambaye shi da safe. Yanzu na duba jerin da ya turo da kyau, shago na 22 ya rubuta KAYAN GINI DA NA WUTA DA FAMFO. Ko layi biyun ba zai ɗauka ba.

Oga Danjuma Mai Injin:
Wannan ba aikin Corel ba ne. Je ka same shi da takarda da biro, ka ce gurbi 16 gare shi har da tazara, takwas sama takwas ƙasa, ya zaɓi abin da ya fi sayarwa.

Auwal Walda:
In ya ƙi, a turo min shi in yi masa firam mai ƙafa 6, kuɗinsa daban. Nazifi, ka aiko min da awon ƙarshe kafin Laraba, ƙarfen na nan na yanka rabi.